Yadda A Ke Buga Shafi Biyu Ko Huɗu A Kan Takarda Ɗaya

Duk wanda ya yi ko da zango ɗaya a kwalejin nan ya san abin da takarda ta ke ci a aljihu. Malami ya ba da takardun darasi, sai a buga. Koyarwar gwaji ta zo, sai a buga shirin darasi, a buga tambayoyin yara, a buga abin karatu, tun da ya ke a makarantu da yawa yara uku ko huɗu ne ke leƙen littafi ɗaya. Mai shagon kwamfuta kuwa ba ruwansa da yawan kalmomi, fuskar takarda ya ke ƙirgawa. Ko layi uku ne a kanta, kuɗinta ɗaya da wadda ta cika maƙil. Don haka na ga ya kamata in bayyana muku wata hanya ta sa kwamfuta ta jera shafi biyu ko huɗu a fuska ɗaya, ta wurin rubuta mata umarni. Zan kuma nuna inda hanyar ta tsaya, gama tana da iyaka. Malamin da ya ƙetare iyakar kuwa ba shi zai biya ba, idanun yaransa ne za su biya.

Bari mu fara daidaita kalmomi, kada mu rikice a gaba. In na ce falle, ina nufin takardar kanta wadda a ke zarowa daga cikin rim. Kowane falle yana da fuska biyu, gaba da baya. In na ce shafi kuwa, ina nufin abin da aka rubuta aka sa masa lamba, shafi na 1, shafi na 2, har zuwa ƙarshe. Mun saba ganin shafi ɗaya a fuska ɗaya, har muna tsammani doka ce. Ba doka ba ce, sabo ne kurum.

A ce kana da abin karatu mai shafi 40, ajinka kuwa yara 50 ne. In ka buga kowane shafi a fallensa, ka bar bayan fari fat, falle 2,000 ke nan, watau rim 4, domin rim ɗaya falle 500 ne. Irin takardar da aka fi sayarwa, wadda aka rubuta 80 a jikin ƙunshinta, fallenta ɗaya giram 5 ne. Kilo 10 ke nan za ka jiɓga a bayan babur zuwa makarantar da aka tura ka. In ka buga gaba da baya, sun koma 1,000. In kuwa ka sa shafi biyu a kowace fuska, gaba da baya, sun koma 500, rim ɗaya tak, kilo biyu da rabi. Tawadar ma rabi za ta ci, tun da kowane baƙi ya ƙanƙance.

Abin da ya sa wannan ke yiwuwa ba tare da ɓarnar fili ba yana cikin siffar takardar kanta. Ɗauko rula ka auna fallen A4. Za ka sami faɗinsa milimita 210, tsawonsa 297. Raba 297 da 210, za ka sami 1.414. To, yanzu ninka fallen biyu, gajeren gefe ya haɗu da gajeren gefe. Tsawon abin da ke hannunka 210 ne, faɗinsa 148 da rabi. Raba su kuma, sai ga 1.414 ta sake fitowa. Ashe rabin fallen kamar ɗa ne da ya ɗebo ubansa, ba abin da ya raba su sai girma. Lambar nan 1.414 ita ce wadda in ka riɓa ta da kanta za ta ba ka 2, kuma ita kaɗai ce ke da wannan hali. Wani malamin kimiyya na Jamus, Georg Lichtenberg, ya ambaci amfaninta ga takarda cikin wata wasiƙa tun a 1786. Wani Bajamushe kuma, Walter Porstmann, shi ya tsara awon da Jamus ta karɓa a 1922, sa'an nan a 1975 ya zama awon ƙasashen duniya, mai suna ISO 216. Babban fallen, A0, filinsa murabba'in mita ɗaya ne. Rabinsa A1, rabin wannan A2, haka har a iso A4, wanda ya ke kashi ɗaya cikin 16 na babban. Rabin A4 kuwa shi ne A5, girman ƙaramin littafi.

Tsohuwar fulsikaf da iyayenmu suka yi jarrabawa da ita ba ta da wannan hali. Haka kuma takardar mutanen Amurka, mai inci takwas da rabi a faɗi, 11 a tsawo. Saboda haka in ka sauko da wani rubutu daga intanet wanda aka shirya a Amurka, ka jera shi biyu-biyu, za ka ga farin fili ya ragu a sama da ƙasa. Ba laifin kwamfutarka ba ne.

Yanzu sai mu zo ga umarni. Kowace kwamfuta tana da wata taga wadda babu hotuna a cikinta, babu abin latsawa, sai wurin rubutu. Ka rubuta abin da ka ke so, ka buga Enter, ta aikata. Ita na ke kira tagar umarni. A Ubuntu, wanda ya ke iri ne na Linux, in ka danne Ctrl da Alt da T tare sai ta buɗe. A kwamfutocin Apple sunanta Terminal. Masu Windows 10 ko 11 suna iya sa Linux a cikin tasu ta hanyar wani abu da a ke kira WSL. Mutane da yawa suna jin tsoron tagar nan, sun ɗauka ta gwanaye ce. Ni dai ban ga abin tsoro ba. Wanda ya iya rubuta wasiƙar neman aiki ba tare da kuskuren baƙi ba ya iya rubuta umarni, gama abin da a ke bukata ke nan, a lura da kowane baƙi da kowace tazara.

Wani zai ce, ai akwatin nan da ke fitowa in za a buga takarda yana da wurin zaɓen shafi nawa a falle, me ya kai mu wahala? Gaskiya ne yana da shi, wanda kuma ya ke da injin bugawa a ɗakinsa ya ishe shi. Amma mu nawa ke da shi? Yawancinmu shago mu ke zuwa, ga layi, ga mai shago yana sauri kafin a ɗauke wuta, ba shi da lokacin da zai tsaya neman wani zaɓe dominka. Da umarni kuwa sabon fayil za ka yi tun a ɗaki, wanda an riga an jera shafukan a cikinsa. Ka duba shi da idonka, ka sa shi a waya ko a filashi, ka miƙa, a buga yadda ya ke. Ban da wannan, umarni abu ne da za ka rubuta a bayan littafinka, ka ba abokinka ya kwafa, baɗi ka sake ɗaukowa ya yi maka aiki iri ɗaya.

Mafi sauƙi shi ne lp. Yana cikin wani tsarin bugawa mai suna CUPS, wanda Michael Sweet ya fitar a 1999, kamfanin Apple ya saye shi a 2007. Shi ke aiki a kwamfutocin Apple da yawancin na Linux, ba sai ka sa kome ba. In sunan fayil ɗinka darasi.pdf ne, injin bugawa kuma yana haɗe, sai ka rubuta:

lp -o number-up=2 darasi.pdf

Shi ke nan. Lambobin da aka saba ba shi su ne 1, 2, 4, 6, 9 da 16. In kana so a zana layi kewaye da kowane shafi don kada ido ya tsallaka daga wannan zuwa wancan, sai ka ƙara -o page-border=single. Akwai tarko ɗaya a nan. In ka haɗa wannan da zaɓen shafuka, ka ce page-ranges=1-4, fuskokin da za su fito ya ke ƙirgawa, ba shafukan asali ba. Watau in ka ce biyu-biyu, shafi 8 za ka samu.

Amma lp bugawa ya ke yi nan take, ba ya bar maka fayil. Wanda ke yin sabon fayil sunansa pdfjam. David Firth ne ya rubuta shi, lokacin yana koyar da ilmin ƙididdiga a Jami'ar Warwick ta Ingila. Ba na mamakin cewa malami ne ya ƙago shi, ai mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo. Kyauta ne, amma yana tafiya tare da wani babban kayan shirya littattafai mai suna TeX Live, don haka saukar da shi yana cin data ba kaɗan ba. A Ubuntu yana cikin ƙunshin da a ke kira texlive-extra-utils. Shawarata ita ce a sa shi a kwamfuta ɗaya, 'yan aji su riƙa amfani da ita. Ga umarnin:

pdfjam --nup 2x1 --landscape darasi.pdf --outfile biyu.pdf

Ku lura, karan ɗori biyu ne a gaban kowace kalma, ba ɗaya ba. Lambar farko cikin 2x1 tana faɗin shafi nawa za su jeru daga hagu zuwa dama, ta biyu kuwa layi nawa daga sama zuwa ƙasa. Kalmar landscape tana cewa a kwantar da fallen. In ka manta da ita, fallen zai tsaya a tsaye, shafukan biyu su matsu a tsakiya, kowanne ya koma rabin girmansa, sama da ƙasa kuwa fili fetal. Ka ƙanƙantar da rubutu ke nan a banza. Abin da ke bayan outfile shi ne sunan sabon fayil. Na asalin yana nan, ba a taɓa shi ba.

In huɗu ka ke so, sai ka ce 2x2, ka cire landscape, gama huɗu a tsaye su ke zama daidai. In wani yanki kaɗai ka ke bukata, sai ka rubuta lambobinsa a bayan sunan fayil, kamar '3-10'. Yawancin injuna ba su iya sa tawada har bakin takarda, sukan bar 'yan milimitoci, saboda haka in rubutunka ya kai gefe sosai sai ka ƙara --scale 0.95 ya ja shi ciki kaɗan. Ga kuma wata dabara da ta fi kowace amfani a lokacin gwajin mako. Ka rubuta tambayoyi biyar da manyan baƙaƙe a shafi ɗaya, sa'an nan ka ce:

pdfjam gwaji.pdf '1,1,1,1' --nup 2x2 --frame true --outfile hudu.pdf

Shafin nan ɗaya zai fito sau huɗu a fuska ɗaya, kowanne da layi kewaye da shi. Yara 60, falle 15, sai almakashi. Wanda kuma ya tara fayil talatin a wuri ɗaya ba sai ya bi su ɗaya-ɗaya ba. In ya ƙara --batch da --suffix biyu, ya sa *.pdf a maimakon suna, za a yi wa kowanne aikinsa dabam, a liƙa kalmar biyu a ƙarshen sunan sabon.

To, ga inda na ke so mu daɗe kaɗan. Lambar nan 12 da mu ke zaɓa in muna rubutu a kwamfuta awon girman baƙi ne na masu ɗab'i, 72 daga cikinsa ke yin inci ɗaya. In ka sa shafi biyu a fuska, filin kowane shafi ya koma rabi, amma tsawon baƙi ba rabi ya koma ba, ya koma kashi 71 cikin 100. Watau 12 ta zama takwas da rabi, kusa da rubutun jarida. Babban mutum mai lafiyar ido zai karanta wannan ba wahala. In ka sa huɗu, tsawon baƙi ya koma rabi cif, 12 ta zama 6. Wannan irin rubutun da a ke yi a takardar cikin kwalin magani ne, wanda kowa ya san sai an kai shi bakin taga. In 9 ne, 12 ta zama 4. In 16 ne ta zama 3, sai ka ce tururuwa ta bi ta kan takarda.

Akwai wani abin mamaki game da 6. In shafukan a tsaye su ke, ko ta yaya ka jera shida a fallen A4, ba za su wuce kashi 35 cikin 100 na girmansu ba. Takwas ma, in ka jera su 4x2 a kwance, kashi 35 ɗin ne. Ashe mai sa shida ya yi hasarar wurin shafi biyu, bai kuwa sami ƙarin girma ko kaɗan ba. Dalili shi ne 2, 4, 8 da 16 su ne ke fitowa daga ninka takarda, shida kuwa ba ta cikinsu. Inda shida ta ke da amfani shi ne shafukan nan na kwance da malamai ke haskawa a bango lokacin lacca. Waɗannan baƙaƙensu manya ne tun asali, in ka jera su 2x3 a tsaye sukan zauna lafiya, su kuma karantu.

Mu da za mu koyar da Hausa muna da wani dalili na musamman da zai sa mu yi hankali. Bambancin k da ƙ, da d da ɗ, da b da ɓ, ɗan lanƙwasa ne a kan baƙi, bai kai kan allura ba in rubutu ya ƙanƙance. Ga shi kuma ba a cika barin abin da aka buga haka ba, sai an kai shi injin fotokwafi, watakila ma a kwafi kwafin. Kowane kwafi yana cin ɗan abu daga jikin baƙi, lanƙwasar nan kuwa ita ke fara tafiya. Sai yaro ya ga kura inda aka rubuta ƙura, ya ga kafa a maimakon ƙafa, daidai da ɗaiɗai su zame masa abu guda. Babba zai gane daga ma'anar zance. Yaron aji biyu ba zai gane ba, gama shi baƙin ya ke koyo, bai kai ga cankar ma'ana ba tukuna. Kada mu manta kuma, da yawa cikin yaran nan da dare za su yi karatun, da fitilar waya ko ta kananzir, a cikin kowane aji kuma akwai mai raunin ido wanda ba a taɓa auna shi ba, shi kansa bai san sauran sun fi shi gani ba. In ya kasa karantawa sai a ce daƙiƙi ne.

Saboda haka ga yadda ni na ke gani. Abin da za ka karanta kai kanka, sa biyu, ko huɗu in idonka ya yarda, wannan ruwanka ne. Abin da za ka ba manyan ɗalibai, kada ya wuce biyu. Abin da za ka ba ƙananan yara kuwa, in kai ne ka rubuta shi, ka yi lissafin tun daga farko. Ka rubuta da lamba 17, in ta ƙanƙance ta koma 12. Ka rubuta da 20, ta koma 14. Wani zai ce to ina ribar, tun da manyan baƙaƙe sun ƙara yawan shafuka? Ribar ta ragu, ba shakka, amma akwai wata riba dabam wadda ta fi ta takarda, ita ce abin ya zama littafi.

Kowa ya taɓa riƙe takardar tsarin sujada ko ta shirin biki, falle ɗaya ninke biyu, shafi huɗu. In ka buɗe ta ka shimfiɗa, za ka ga shafi na 4 da na 1 suna fuska ɗaya, na 2 da na 3 suna ɗaya fuskar. Wannan shi ne asirin yin littafi duka. Ga wani aiki da za ku yi yanzu da hannu, wanda kuma ya isa darasi mai kyau ga 'yan aji biyar. Ɗauki falle biyu, ɗora ɗaya a kan ɗaya, ninka su tare. Sa wa shafukan lamba daga 1 zuwa 8 kamar littafi. Sa'an nan ka raba su ka duba. Fallen waje yana ɗauke da 8 da 1 a gaba, 2 da 7 a baya. Na ciki yana da 6 da 3, bayansa 4 da 5. Tara kowane biyu, za ka sami 9 kullum, watau yawan shafuka da ƙarin ɗaya. Lambar da ta rabu biyu daidai kuwa kullum tana hagu. Wanda ya riƙe waɗannan ka'idodi biyu zai iya jera littafi kome yawan shafinsa. Sai ka gaya wa kwamfuta jerin:

pdfjam darasi.pdf '8,1,2,7,6,3,4,5' --nup 2x1 --landscape --outfile littafi.pdf

Tilas yawan shafuka ya rabu da 4 ba saura, tun da kowane falle huɗu ya ke ɗauka. In naka 10 ne, sai ka lissafa kamar 12, ka sa alamar {} a wurin 11 da 12, ita ce ke nufin farin shafi. Jerin zai zama '{},1,2,{},10,3,4,9,8,5,6,7'.

Wajen bugawa gaba da baya, a juya fallen ta gajeren gefe. In injin yana juyawa da kansa, umarnin shi ne lp -o sides=two-sided-short-edge littafi.pdf. In aka juya ta dogon gefe, bayan kowane falle zai fito kai ƙasa. In kuwa injin ba ya juyawa, sai a fara buga fuskoki na 1, 3, 5, a mai da takardun cikin injin, a buga na 2, 4, 6. Injuna sun bambanta wajen yadda su ke jan takarda, don haka kafin ka saki falle ɗari, yi ɗan alama da fensir a kusurwar falle ɗaya, ka gwada da shi ka ga inda alamar ta fito.

Masu karatun ajami da Larabci su lura, littafinsu daga dama ya ke buɗewa, don haka kowane biyu sai su musanya wuri, jerin ya zama '1,8,7,2,3,6,5,4'. In kuma ba littafi za a yi ba, jerawa ce kawai da lp, sai a ƙara -o number-up-layout=rltb, shafin farko ya zauna a dama.

Kada ku ɗauka kwamfuta ce ta kawo wannan hikima. Tun da daɗewa masu ɗab'i a Turai suka daina buga littafi shafi ɗaya-ɗaya. Babban falle a ke shimfiɗawa, a jera shafuka da yawa a kansa, waɗansu ma kai ƙasa, yadda in an ninka aka yanke baki kowanne zai faɗa wurinsa. In an ninka sau ɗaya, shafi 4, sunansa foliyo, irinsa ne Littafi Mai Tsarki da Gutenberg ya buga a garin Mainz wajen 1455. In sau biyu ne, shafi 8, kwarto. In sau uku, shafi 16, oktabo. Wani mai ɗab'i na birnin Benis a Italiya, Aldus Manutius, ya yi suna tun daga 1501 saboda buga littattafan mutanen da a wannan ƙaramin girma, yadda mutum zai riƙe a hannu ya yi tafiya da shi. Abin da ya canza shi ne, da sai wanda ya yi shekaru yana koyon sana'ar ke iya jerawar, yanzu kuwa layi ɗaya ne.

In littafin ya yi tsawo har rubuta jerin da hannu ya zama aiki, akwai waɗansu tsofaffin kayan aiki masu suna psutils, waɗanda Angus Duggan ya rubuta tun farkon shekarun 1990. An yi su ne domin PostScript, harshen injunan bugawa da kamfanin Adobe ya fitar a 1984, kafin ya kawo PDF a 1993. Ɗaya daga cikinsu, psbook, shi ke jera shafuka irin na littafi, ya kuma cika farare da kansa in ba su kai ba. Wani kuma, psnup, shi ke sa su biyu-biyu. Ana haɗa su haka:

pdftops darasi.pdf - | psbook | psnup -2 -pa4 | ps2pdf - littafi.pdf

Sandan nan da ke tsaye tsakaninsu yana nufin abin da na farko ya gama ya miƙa wa na biyu, na biyu ya miƙa wa na uku, kamar yadda magina ke miƙa tubali daga hannu zuwa hannu. Dabara ce ta tsarin Unix, wanda Linux ya bi sawunsa, an sa ta a ciki tun 1973. Na farko ya juya PDF zuwa PostScript, na ƙarshe ya komo da shi.

Sauran abu ɗaya, shi ne kauri. In ka ninka falle uku ko huɗu tare, bakinsu zai zo kusan daidai. In ka ninka ashirin, na ciki za su turo baki waje, littafin ya ƙi rufuwa, in kuma ka datse bakin da reza sai ka ci rubutun shafukan tsakiya. Masu ɗab'i ba su yin haka. Sukan kasa littafi ƙananan ɗauri, kowane ɗauri shafi 16, watau falle 4 irin namu, su ninka kowanne dabam, sa'an nan su jera su su ɗinke ta baya. Duba bayan kowane littafi mai kauri da aka ɗinka da zare a laburarenmu, za ka ga ɗaurin a jere kamar haƙoran matsefi. In ka rubuta psbook -s16 a maimakon psbook kaɗai, haka zai kasa maka su. Abin karatun nan namu mai shafi 40 zai fi kyau a ɗauri biyu masu shafi 20, watau -s20, falle biyar-biyar. Ka huda rami uku a kan ninkin, ka shigar da allura ta na tsakiya, ka fito ta na sama, ka tsallaka zuwa na ƙasa, ka komo ta tsakiya ka ƙulle. Bango kuwa, tsohuwar kalanda mai kauri ta isa, a juya farin bayanta waje yaro ya rubuta sunansa.